Mutum uku na gadin Haller, biyu na fama da uku a tsakiya: Peseiro ne ya kayar da mu ko gajiya?

Koci Danlami: Assalamu alaikum jama'a. Na san jiya, 11 ga Fabrairu 2024, ba wanda ya yi barcin kirki a cikinmu, bayan Kwaddibuwa mai masaukin baƙi ta ci Najeriya 2-1 a wasan ƙarshe na Kofin Afirka a Abidjan. Ni dai har aka kira assalatu idona biyu, ina ta maimaita wasan nan a kaina. Na bari ne zuciya ta ɗan huce kafin in yi magana, don kada a ce fushi ne.

Ban ƙi tsarin 3-4-3 na kocin Najeriya Peseiro ba, wato uku a baya, huɗu a tsakiya, uku a gaba, a fahimce ni tun daga farko. Da 'yan baya huɗu muka fara gasar, Ikwatoriyal Gini ta riƙe mu 1-1, sai ya koma uku. Daga nan wasa huɗu a jere ba a taɓa ragarmu ba: Kwaddibuwa 1-0, Gini Bisau 1-0, Kamaru 2-0, Angola 1-0. Wannan aiki ne, ba mai ƙwace masa.

Amma ku tuna abin da idonku ya gani jiya. Su Kwaddibuwa sun zuba mutum uku a tsakiya, Seri da Kessie da Seko Fofana. Mu Onyeka da Iwobi kawai. Onyeka ya fita ya tari Fofana, Iwobi ya bi Kessie, to wa zai je wa Seri? Babu. Yana karɓar ƙwallo ya juya, ya ɗaga kai, ya zaɓi inda zai jefa, ba mai ce masa kanzil. A bayanmu kuma ƙarti uku, Ajayi da Ekong da Bassey, duk suna gadin ɗan gabansu Haller shi kaɗai. Mutum ɗaya ya yi mana yawa a baya, mutum ɗaya ya yi mana kaɗan a tsakiya. Wannan lissafin tun minti 15 na farko ya fito fili, kuma har aka tashi Peseiro bai gyara shi ba. Abin da ya hana ni barci ke nan.

Abba Jahun: Wa alaikumus salam Koci. Wallahi ka faɗi abin da ke raina. Mutumin nan matsoraci ne kawai. Kana da Osimhen, gwarzon ɗan wasan Afirka na 2023, a gaba, ka bar shi yana ta gudu shi kaɗai kamar wanda aka aika. A kore shi kawai.

Malam Sani: Abba, a hankali. Wata biyu da suka wuce, wa ya ɗauka za mu kai wasan ƙarshe? A watan Nuwamba Lesotho ta riƙe mu 1-1 a Uyo, Zimbabwe ma 1-1. A majalisar nan aka ce ko rukuni ba za mu fito ba. Mutumin da ya ɗauki wannan tawagar ya kai ta Abidjan ranar ƙarshe, yau shi ne matsoraci?

Koci, ni ina da ja a maganarka. Ka ce mu biyu ne a tsakiya. Amma in ba mu da ƙwallo ai Lookman da Chukwueze suna dawowa, sai ya zama 5-4-1. Ka ga huɗu ke nan a layin tsakiya, ba biyu ba. Kuma da wannan tsarin dai muka ci su 1-0 a rukuni.

Koci Danlami: Malam, a takarda huɗu ne, a fili biyu ne. Lookman yana can gefe yana jiran hawan Aurier, Chukwueze yana ɗaya gefen yana jiran Konan. Ƙafarsu na kan layi, ba sa shigowa ciki. Cibiyar fili, inda ake dafa wasa, mutum biyu ne.

Batun mun ci su a rukuni kuwa, ai ba wannan Kwaddibuwar muka ci ba. Waccan ta tsohon kocinsu Gasset ce. Haller bai buga ba, yana jinya, Adingra ma haka, Seri kuma ba ya cikin waɗanda ake farawa da su. Bayan Ikwatoriyal Gini ta zuba musu 4-0 aka sallami Gasset, Emerse Fae ya karɓa, shi ya dawo da Seri ya zaunar da shi gaban 'yan baya. Sun canza. Mu muka je musu da maganin tsohuwar cuta.

Nura mai gidan kallo: Ni abin da na gani daga inda nake tsaye bakin ƙofa: da Ekong ya ci mana ƙwallon nan da ka a minti 38, benci ɗaya ya karye a layin gaba, wani yaro ya rungume ni har kuɗin hannuna suka zube, ba wanda ya tsaya tsinta. Amma da aka tafi hutun rabin lokaci, wurin ya yi tsit. Muna gaba da ci ɗaya, amma ko wajen mai shayi ba a fita ba sosai. Wani dattijo da ke zama kusa da janareto ya ce min, Nura, wannan cin aro ne, za su zo su karɓa. Kowa ya ji a jikinsa.

Maman Khalil: Haka ne Nura. Mu a gida muka kalla, ni da yara da baban su. Ko Khalil da yake aji biyar sai da ya ce, Mama me ya sa kullum su ke da ƙwallon? Ni tambayata ga Koci, me ya sa aka ajiye Moses Simon aka fara da Chukwueze? Simon ne ya ba Lookman ƙwallon da muka ci Angola. Yana cikin waɗanda suka fi kowa ƙoƙari, sai ranar ƙarshe a zaunar da shi?

Koci Danlami: Hajiya, kin taɓo inda ke ciwo. Ba wai Chukwueze bai iya ba ne, kowa ya san ƙafar hagunsa. Amma Simon yana da wani abu da ba a cika gani a talabijin ba: yana komawa ya taimaki na bayansa. Gefen da aka sa Chukwueze shi ne gefen Aina, shi ne kuma gefen Adingra da Konan. Aina ya wuni yana fama da yaro ɗan shekara 22 mai gudu kamar iska, ga Konan na hawowa ta bayansa. Ƙwallo biyun da aka ci mu duk daga ƙafar Adingra suka fito, ta farko kwana ya bugo Kessie ya sa kai a minti 62, ta biyu ya wuce Aina ya kwaso ta Haller ya taɓa a minti 81.

Sadiq Gwallameji: Koci ka yi haƙuri, amma a nan akwai gyara. Lokacin da aka ci ƙwallayen biyu Simon yana cikin fili, an riga an cire Chukwueze bayan an dawo hutu da kamar minti goma. To in Simon ne maganin, ya aka yi duka biyun suka shiga yana nan?

Koci Danlami: Gaskiyarka Sadiq, na karɓa. Simon yana ciki. Shi ya sa nake cewa matsalar ta fi ƙarfin sunan mutum ɗaya. Cire ɗan gefe ka sa ɗan gefe bai taɓa lissafin tsakiya ba. Amma ka sani, Aina da aka wuce a minti 81 ba Ainan minti 10 ba ne. An riga an tatse shi.

Abba Jahun: Iwobi ne matsalar, a daina kewaye-kewaye. Duk ƙwallon da ya samu sai ya mayar baya. Ko a 2022 shi ya karɓi jan kati da Tunusiya.

Maman Khalil: Abba ka ji tsoron Allah. Na ga irin zagin da ake yi wa yaron nan a Instagram tun daren jiya, har iyayensa ake sakawa. Ɗan mutane ne fa. Kai in aka yi wa ƙaninka haka za ka ji daɗi?

Abba Jahun: Anti ni ban zage shi ba. Wasansa nake magana.

Malam Sani: To mu yi maganar wasan nasa. Iwobi a Fulham ba lamba shida yake bugawa ba, wato ɗan tsakiya mai tsare 'yan baya, gaba-gaba yake, ko gefe ko bayan ɗan gaba. A nan an ce masa ya zauna kusa da Onyeka ya tsare gida, kada ya hau. Ya yi biyayya wasa bayan wasa. Ka ɗauki tela ka ba shi aikin kafinta, sannan ka ce kujerar ba ta yi kyau ba. In akwai laifi a nan, na wanda ya raba aikin ne, kuma shi ma wanda ya raba aikin dole ce ta sa shi, tunda Ndidi ya ji rauni tun kafin a fara gasar.

Wannan shi ne abin da nake so Koci ya amsa min. Ndidi babu. Boniface babu. Awoniyi babu. Sadiq Umar ma an cire shi daga tawagar saboda rauni. Da wa kake so ya yi uku a tsakiyar?

Koci Danlami: Da Alhassan Yusuf, Malam. Yaron Kano. Ku tuna wasan farko, kafin ya ji ciwo a fitar da shi, shi ne ya fi kowa motsi a tsakiya. Ga Onyedika na Club Brugge, lamba shida ne na asali, ga Aribo. Mutum uku a benci.

Abin da nake so a ce ya yi, tun hutun rabin lokaci muna 1-0: ya cire ɗan gefe ɗaya ya sa Alhassan, ya zama 3-5-2, Lookman ya matso kusa da Osimhen. 'Yan bayansa uku na nan, bai rasa komai ba, amma tsakiya ta zama uku da uku, Osimhen kuma ya samu abokin hira. Ba sabon abu ba ne a wurinmu. A Rasha 2018, bayan Kuroshiya ta ci mu 2-0, kocinmu na lokacin, Rohr, ya koma 3-5-2 da Aisland, ya haɗa Ahmed Musa da Iheanacho a gaba, Musa ya ci biyu.

Shi kuwa me ya yi? Ya jira har kusan minti 80, sannan ya sa Alhassan, kuma Iwobi ya cire. Tsakiya tana da biyu, ta ci gaba da zama biyu. Minti biyu bayan nan Haller ya ci.

Sadiq Gwallameji: Amma Koci, Alhassan ɗin nan shi ya jawo fenaretin Afirka ta Kudu a wasan kusa da na ƙarshe. Ya taɗe Percy Tau, VAR, wato duba bidiyo da alƙalin wasa ke yi, ta soke ƙwallon Osimhen, Mokoena ya farke. Da 2-0 ne, ya koma 1-1. Ka ga laifin koci in ya ji tsoron sa shi da wuri a wasan ƙarshe?

Koci Danlami: Kuskure ɗaya ne, kuma irin na mai ƙwazo ne, ya kai ƙafa inda bai kamata ba. Ni a wurina yaron da ya yi kuskure don ya je tarar ƙwallo ya fi wanda bai je ba. In koci zai riƙe wa ɗan wasa kuskure ɗaya, to ba zai taɓa samun tawaga ba.

Usman Pantami: Salamu alaikum mutanen Bauchi, daga Gombe nake binku tun ɗazu. Akwai abin da ba wanda ya ambata. Ranar Laraba mu minti 120 muka buga a Bouake, ga bugun fenareti a kai, sannan muka taso zuwa Abidjan. Su a ranar minti 90 suka yi da Kwango, a filin da aka buga wasan ƙarshen. Kuma kusan mutum goma sha ɗayan nan su ne dai tun wasa na biyu. Ƙafa ta mutu. Ko wane tsari ka zana, in ƙafa ta mutu ba ya tafiya.

Malam Sani: Madalla Usman. Ga kuma filin cike da mutanensu, shugaban ƙasarsu na zaune, filin ma sunansa ne.

Koci Danlami: Usman sannu da zuwa. Gajiya gaskiya ce, na yarda. Amma su ma sun yi minti 120 da Senegal, sun yi 120 da Mali, kuma da Mali mutum goma suka buga mafi yawan wasan. Sannan wa ya hana shi hutar da mutane? In ka san 'yan wasanka sun gaji, ai a nan ne canji da wuri ya zama wajibi. Gajiyar hujja ce a kansa, ba hujja ce gare shi ba. Kuma an ba kowace ƙasa damar kai mutum 27, shi 25 ya kai.

Baba Audu: Yara, ku bari tsoho ya sa baki. Jikana ne ke rubuta min, ni ina faɗa.

A 1980 ina saurayi ina koyon ɗinki a Wunti. A rediyon maigidana muka ji wasan ƙarshe da Aljeriya a Legas, mun kewaye shi mu fi ashirin, an kashe keke an ajiye almakashi. 3-0. Odegbami biyu, Muda Lawal ɗaya, sunan da ba baƙo ba ne a kunnen ɗan Bauchi. Shagari ya miƙa wa Christian Chukwu kofi. Abin da nake so ku sani, Muda ɗan tsakiya ne, amma ran nan kocin, Otto Gloria mutumin Brazil, gaba ya tura shi. Aljeriya ba su shirya wa haka ba. Wasan ƙarshe yana son ka zo da abin da abokin karawarka bai gani ba.

Na ga 1984, na ga 1988, duk Kamaru. Na ga 1990, Aljeriya ta rama. Na ga 2000 a Legas, Kamaru kuma, a fenareti, ran nan ban ci tuwo ba. Jiya na biyar ke nan da muka je ƙarshe muka dawo hannu rabbana. Amma a cikinsu duka, jiya ne kaɗai na ga kamar ba mu je da niyyar buga ƙwallo ba. An ci ka kana faɗa daban, an ci ka kana ɓuya daban.

Koci Danlami: Allah ya ƙara lafiya Baba. Wallahi ban san Muda gaba ya buga ran nan ba, yau na ƙaru.

Abba Jahun: Allah ya ja kwana Baba. To ku ji fa, Baba ma ya ce ɓuya muka yi.

Malam Sani: Ranka ya daɗe Baba, ba na ja da kai, amma a bar ni in faɗi ɗaya. A 2022 a Garwa, kocinmu na lokacin, Eguavoen, ya buɗe wasa, muka ci Masar, muka ci wasa uku na rukuni, kowa na yabo. Zagaye na gaba Tunusiya ta rufe gefuna biyu, ta ci ɗaya, muka dawo gida. Bayan wata biyu Ghana ta hana mu zuwa Kofin Duniya a Abuja. Wasa mai daɗin kallo mun gwada shi, bai kai mu ko kwata fainal ba. Wannan da ake kira ɓuya shi ya kai mu ƙarshe, ƙwallo biyu kacal aka ci mu a wasa shida. Kuma Peseiron nan ne ya je ya ɗauko gola Nwabali daga Chippa United lokacin da ba wanda ya san shi, ya ajiye Uzoho. Ba don fenareti biyun da Nwabali ya tare ba, da jiya muna kallon Afirka ta Kudu ne. Matsoraci ba ya irin wannan zaɓen.

Baba Audu: Malam Sani, na ji, kuma golan nan Allah ya yi masa albarka. Ban ce mutumin bai yi komai ba. Na ce ranar da ake bukatar ya sake dabara bai sake ba. Koci Keshi, Allah ya sa ya huta, a 2013 da wannan Kwaddibuwar ya haɗu, lokacin suna da Drogba da Yaya Toure. Bai ɓuya ba. Mikel da Onazi da Sunday Mba a tsakiya, uku cif. Emenike ya ci, Mba ya ci, 2-1. Mba ɗin nan kuma a gida yake wasa, shi ya ci Burkina Faso a ƙarshe.

Usman Pantami: Baba ya kawo maganar da ke ci min tuwo a ƙwarya. A tawagar bana ɗan wasan gida ɗaya ne, Ojo golan Enyimba, shi ma na uku. Mu nan muna zuwa filin Pantami muna kallon Gombe United da Doma United, akwai yara masu ƙafa a gasar nan. Ba a ko kallonsu.

Sadiq Gwallameji: Yaya Usman, mu faɗi gaskiya, wane ɗan tsakiya ne a gasar gida zai tsaya gaban Kessie?

Usman Pantami: Haka aka ce kafin Mba ya tsaya gaban Yaya Toure. Oboabona ma daga Sunshine Stars Keshi ya ɗauko shi ya tsare Drogba. Afirka ta Kudu da ta kusa fitar da mu, yawancinsu 'yan Sundowns ne, a gida suke wasa, sun saba da juna. Ba a sanin yaro sai an ba shi riga.

Nura mai gidan kallo: Ni dai a 2016 na ga Wikki ta Maikaba ta ƙare ta uku, Obaje ya fi kowa cin ƙwallo a gasar. Filin Tafawa Ɓalewa ba masaka tsinke. A 2023 kuma muka faɗa ƙasa. Amma wannan wata maganar ce.

Maman Khalil: Tunda an zo batun zaɓe, ni abin da ya fi min ciwo Ahmed Musa ne. Kyaftin guda, ya buga wa ƙasar nan wasa fiye da 100, ya ci Ajantina biyu, ya ci Aisland biyu, a ce gasa ta ƙare ko minti ɗaya bai taka fili ba? Ko da Gini Bisau ai da an sa shi.

Abba Jahun: Wannan kam wulaƙanci ne, kuma mun san dalili.

Malam Sani: Abba, kar mu kai maganar inda ba ta je ba. Zaidu Sanusi ɗan Jega ne, yana dawowa daga rauni aka mayar da shi cikin sha ɗayan farko a wasan ƙarshe. Alhassan ɗan Kano ne, shi aka fara da shi a wasan farko. In da ɓangaranci ne da ba a yi haka ba. Musa ya yi mana abin da ba za mu manta ba, amma a gefen da yake bugawa akwai Lookman mai ƙwallo uku a gasar, akwai Simon, akwai Chukwueze. Shi kansa Musan ba mu ji ya yi ƙorafi ba, kullum yana bakin layi yana ƙarfafa yara.

Maman Khalil: Na yarda ba ɓangaranci ba ne Malam. Amma minti goma da Gini Bisau ba zai kashe kowa ba. Girmamawa ce.

Koci Danlami: Hajiya ina tare da ke a wannan. Batun Zaidu kuma, Malam, ni a can ma ina da tambaya. Bai buga da Afirka ta Kudu ba saboda ciwo, Osayi-Samuel ya buga dama, Aina ya koma hagu. Osayi yana da gudun da zai bi Adingra. Kwana huɗu bayan nan a dawo da mai ciwo a ajiye mai lafiya. Ina son Zaidu, amma wasan ƙarshe ba wurin gwada cinya ba ne.

Bari in ba ku abin da ya faru da ni, don kada a ce ina zaune a inuwa ina gyara wa mai noma. Bara a gasar unguwanni, yarana 'yan ƙasa da 17 suka kai wasan kusa da na ƙarshe. Ni ma uku nake sawa a baya, don ina da dogaye uku masu kai. Muka haɗu da wasu yara da suka zuba uku a tsakiya, ɗaya ɗan siriri, ko takalmin kirki ba shi da shi, ya ɗaure na dama da tsumma. Yaron nan ya raba mu da ƙwallo. Muka ci ɗaya daga kwana, kamar jiya. Da aka tafi hutu kyaftin ɗina, yana haki, ƙura ta yi masa fari har gira, ya ce, Koci ba ma ganin ƙwallon, kullum akwai ɗaya a bayanmu. Na tsuguna na jera marafen kwalba a ƙasa, na ga abin da yake faɗa da idona, uku ga biyu. Amma na ce a raina, muna gaba, kar in taɓa abin da ke aiki. Aka dawo suka ci mu biyu. A hanyar komawa cikin Keke Napep ba yaron da ya ce min uffan, shi kyaftin ɗin yana kallon waje yana share ido da rigarsa. Har yau in na tuna sai in ji nauyi, don yaron ya gaya min, ni ne ban motsa ba.

Shi ya sa jiya da na ga Onyeka yana ɗaga hannu yana waige, na san abin da yake faɗa.

Malam Sani: Allah sarki. To Koci, ka ga ashe kai ma ka san nauyin abin. Kana gaba da ci ɗaya a wasan ƙarshe, hannu ba ya son taɓa komai.

Koci Danlami: Na sani Malam, shi ya sa ban zage shi ba kuma ba zan zage shi ba. Amma ni sadaka nake yi da yamma bayan na taso daga aiki. Shi aikinsa ke nan, yana da mataimaka, yana da masu duba masa bidiyo. Minti 17 ne daga dawowa hutu zuwa cin Kessie, sannan wasu 19 zuwa cin Haller. Duk wannan lokacin yana tsaye yana gani.

Sadiq Gwallameji: To yanzu a bar shi ko a sallame shi? Kwantiraginsa na gab da ƙarewa, ga wasannin neman gurbin Kofin Duniya a watan Yuni, Afirka ta Kudu da Benin, mu kuma maki 2 gare mu a wasa biyu.

Malam Sani: A bar shi. Ya san yaran, yaran sun san shi. Sabon koci zai zo ya fara daga farko, wata huɗu ba su isa ba.

Usman Pantami: Ni na fi son a ba ɗan gida.

Koci Danlami: Ni abin da ke damuna da barinsa, 3-4-3 ɗin nan na gasa ne, inda canjaras ma zai kai ka fenareti. A wasan neman gurbi Lesotho za ta zo ta jera mutum goma a bayanta, kai ne za ka buɗe ta. A nan ne ya kasa a Nuwamba. In zai zauna, sai an tambaye shi yadda zai ci irin waɗannan, kuma in Ndidi ya warke wa zai tsaya kusa da shi, mutum ɗaya ko biyu.

Abba Jahun: Ni har yanzu ina ganin da Iwobi ya ƙara ƙoƙari da ba haka ba. Biyu ko uku, in kana da zuciya za ka tare.

Koci Danlami: Abba, gobe Talata muna da atisaye bayan la'asar a filin makarantar nan ta bayan gidanku. Ka zo da takalminka. Zan zana da'ira, in sa ka kai da yaro ɗaya a ciki, in sa uku su riƙa ba juna ƙwallo, minti biyar kawai. Bayan nan sai ka dawo nan ka gaya wa jama'a abin da ka gani.

Abba Jahun: Zan zo Koci, in sha Allahu. Ƙarfe nawa?

Koci Danlami: Huɗu da rabi. Ka taho da ruwan sha, ƙurar filin tana da yawa kwanan nan.

Nura mai gidan kallo: Ni ma zan leƙo in na gama da kafinta, bencin nan sai an sake masa ƙafa biyu.